Babi na Bakwai: Akuya a Garki, Mai Ita a Jidda

"Yaya, sai haƙuri fa. Jar akuyar nan ta ci leda."

Duk wanda ya yi zaman ƙetare ya bar dabba a gida ya san irin wannan kiran. Ba a fara shi da maganar akuya. Sai an gaisa, an tambayi aiki da zafin gari, an isar da gaisuwar Inna da ta Baba, sannan murya ta yi ƙasa. Mai akuyar yana Jidda ko Madina ko Tarabulus, ba shi da halin ganin gawa, ba shi da bakin musu. Zai ce Allah ya mayar da alheri, ya kashe waya, ya zauna yana lissafi. Mai yiwuwa ne da gaske ta ci ledar, don awakinmu suna ci, tana kuma cushe musu ciki har ta kashe su. Mai yiwuwa kuma ranar Lahadin da ta wuce an gan ta a kasuwar Gujungu da igiya a wuya. Shi dai ba zai taɓa sani ba.

Garki ƙasar noma ce a Jigawa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Ringim, ita da Ringim ɗin da Taura da Babura. Gero da dawa da wake da gyaɗa ne abinci, riɗi da zoɓo ne kuɗi. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, saboda haka da an kai amfani gida samari sukan yi haramar ci-rani: Kano, Abuja, Legas, Fatakwal. Waɗannan ba su ne abin maganarmu ba, don mai ci-rani yana dawowa da ruwan fari, ya ƙirga awakinsa da idonsa. Abin maganarmu shi ne wanda ya tsallaka iyaka ya yi shekaru: direba a Riyad, tela a Makka, mai aikin gini a Libiya, ɗalibar likitanci a Khartum, ma'aikacin jinya a Ingila.

Hanyar gabas tsohuwa ce. Tun ba a san fasfo ba kakanninmu suke bi ta Haɗeja da Borno, su ratsa Wadai su faɗa Darfur, suna noma da ƙodago a hanya shekara da shekaru kafin su kai bakin Bahar Maliya a Sawakin. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki wannan hanyar da ɗimbin jama'a. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, amma ɗansa Muhammadu Bello ya ƙarasa da waɗanda suka rage har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa suna cikin waɗanda suka riƙe aikin da ƙarfinsu. Mutanen wancan zamanin sun sha wuyar da ba za mu iya ba, amma damuwa ɗaya ba su da ita. Mai tafiya yakan sayar da abin sayarwa, ya yi wasiyya, ya yi bankwana irin na wanda ba lalle ya dawo ba. Abin da ya mallaka yana kan jakinsa ko ɗaure a ƙugunsa. Matafiyin yau kuwa, tun 2014 ma daga Dutse jirgi yake ɗaukar alhazai, cikin 'yan sa'o'i ga shi a Jidda, ga waya a aljihu. Jikinsa yana can, dukiyarsa tana nan, kuma kullum akwai wani hannu tsakaninsa da ita.

Hannu na farko shi ne na ɗan'uwa, ajiya ta farko kuma dabba. Ba wauta ba ce. Akuya tana haihuwa, sau da yawa tagwaye, kuma farashinta yana tashi tare da na masara da na taki, abin da takardar naira ba ta yi. Idan buƙata ta taso ba sai an cika fom ba, ranar kasuwa kawai za a jira. Wanda ƙarfinsa ya kai yakan sayi karsana, ko ya ɗaure bijimi a turke ana ba shi dusa da harawa har gab da Babbar Sallah, a kora shi Maigatari ranar Alhamis inda fatake daga kudu suke cika tireloli. Lokacin da Gwamna Badaru Abubakar ya fara raba wa zawarawa awaki a matsayin jari, 'yan birni sun yi ta barkwanci a kansa. Matan karkara ba su yi dariya ba, don sun san abin da akuya take yi wa gida.

Sai dai dabba ajiya ce mai ci. Daga Maris zuwa Yuni, lokacin da daji ya ƙone, ɗaurin harawa yakan yi tsadar da mai kiwo zai riƙa tunanin ko shi ne zai ci ko akuya. Ga annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo, wadda takan share garke cikin mako biyu, alhali allurar rigakafinta tana nan, ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924. Ga ɓarayi masu zuwa da dare a kan babur. Ga kuma abin da ya fi duk waɗannan cin dabbobin 'yan ƙetare, wato lalura. Matar ƙanenka tana naƙuda, an ce sai an ƙara mata jini, tsakar dare ne, wayarka ba ta shiga, ga akuyarka a ɗaure a tsakar gida. Me kake so ya yi? Ya sayar. Abin da ya kasa shi ne faɗa maka gaskiya, saboda kunya, sai ya ɗora wa leda.

A nan nake ganin 'yan ƙetare suna da nasu laifin. Mutum zai turo kuɗin awaki biyar, ya ce "a saya mini a ajiye", shi ke nan. Bai turo na dusa ba, bai turo na allura ba, bai ce ga ladan yaron da zai riƙa yanko ciyawa ba. Bayan shekara huɗu ya dawo yana lissafin cewa ai yanzu sun kai talatin. Iyayenmu ba haka suke ba da kiwo ba. Akan yi magana tun farko a gaban shaidu: uwa ta mai ita ce, 'ya'ya kuwa ga yadda za a raba, wannan haihuwa taka, waccan tawa. Mai kiwon da yake da rabo a cikin garke shi ne yake tashi da dare idan ya ji kare ya yi haushi. Wanda aka bar wa wahala kawai da sunan zumunci, ranar da ya gaji zai biya kansa da kansa. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma ka ce wa ɗan'uwanka a rubuta, sai ya ce ashe ba ka yarda da shi ba.

Ɗan Jigawar da karatu ko aikin asibiti ya kai Ingila yakan tarar da wata duniyar dabbobi da ba ta yi kama da wannan ba ko kaɗan. Can kare da kyanwa ba jari ba ne, 'yan gida ne, kuma doka tana bayansu. Tun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare wani ɗan ƙanƙanin abu mai lamba a ƙarƙashin fata, wanda idan aka ɗora masa na'ura zai nuna mai shi. Daga 10 ga Yuni 2024 dokar ta hau kan kyanwa ma a Ingila, tarar rashin yi tana iya kai fam 500. Wanda ya buge kare da mota dole ya tsaya, idan bai ga mai shi ba ya sanar da 'yan sanda. Dokar hanya ta 1988 ta lissafa kare da doki da saniya da jaki da tunkiya da akuya, amma ta tsallake kyanwa, abin da masu kyanwa suke ƙorafi a kai har yanzu. Azabtar da dabba kuwa, tun 2021 yana iya kai mutum kurkuku na shekara biyar.

A ce ɗalibinmu yana dawowa daga aikin dare, ya ga kyanwa a gefen titi ƙafa a karye tana kuka. A gida zai ce "Allah sarki" ya wuce. A can maƙwabciyarsa za ta fito da tawul, ta naɗe ta, ta buga wa ƙungiyar RSPCA waya, ƙungiyar da aka kafa tun 1824 don hana cutar da dabbobi, ko ta kai ta asibitin dabbobi mafi kusa, a duba lambar, a kira mai ita. Mutum yana ganin likita kyauta a ƙasar, amma dabba ba ta da wannan gatan. Ɗorin ƙafar kyanwa yakan ci ɗaruruwan fam, wani lokaci ya haura dubu, shi ya sa masu dabbobi suke biyan inshora duk wata, marasa hali kuma su nufi asibitocin sadaka irin na PDSA. Ɗalibinmu zai juya kuɗin zuwa naira a zuciyarsa, ya riƙe baki ya ce wannan ai kuɗin bijimi ne. Idan Babbar Sallah ta zo kuma zai gane cewa ba shi da ikon kayar da rago a bayan gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mafi yawa sai su tura kuɗin layya gida, ragon ya sake faɗawa hannun ɗan'uwa.

Mukan yi wa Bature dariya a kan wannan, kuma wani abin da dariya. Amma ya kamata dariyar ta zo da ɗan jin nauyi. Idan akuya ta karye a Garki, nan da nan za a nemo mai ɗori, a sa kara a ɗaure, a riƙa duba ta safe da yamma. Idan kare ne ya karye, yara ne za su bi shi da jifa. Jakin da ya gama ɗaukar taki da itace shekara goma, ranar da bayansa ya yi gyambo ba kowa ne yake sauke masa kaya ba. Tausayinmu yana bin farashi. Alhali tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba daga Landan aka kawo mana wannan ba.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa mai tausayin kyanwa lalle mai tausayin baƙo ne. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashen Tarayyar Turai sun sassauta dokokin shigo da dabbobi don masu gudu su wuce da karnukansu da kyanwoyinsu ba tare da cikakkun takardu ba. A daidai waɗannan kwanakin ɗaliban Afirka, ciki har da 'yan Najeriya, suna ba da labarin yadda ake ture su daga jiragen ƙasa, ana mayar da su bayan layi a bakin iyaka cikin sanyi, har sai da Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna ɓacin rai ranar 28 ga watan. Wanda ya tsaya a wannan layin ya ga kare ya wuce shi, ba zai so a yi masa dogon wa'azi a kan haƙƙin dabbobi ba.

Wanda akuya ta ba shi haushi yakan koma gona ko gini. Gona ba ta cin leda, amma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma gwamnati tana iya karɓa ta biya diyya. Mutanen wannan yankin sun gani da idonsu lokacin da aka ware kimanin hekta 12,000 a Gagarawa da Taura da Sule Tankarkar da Garki don noman rake na wani kamfani, aka yi shekaru ana ja-in-ja da manoma a kan diyya. A irin wannan rana, wanda yake tsaye a bakin gonarsa da takardar dagaci a hannu shi ake rubuta wa suna. Gini kuwa, labarin wanda aka yi ta aika wa hoton gidan wani yana turo kuɗin kwano da siminti ya zama abin da ake ba da shi a kowace tasha, sunan garin kawai ake sauyawa.

To, banki fa? Nan ne mai ilimin boko yake cewa a kai, kuma yana da hujja: banki ba ya naƙuda, ba ya aurar da 'ya. Matsalar banki ita ce abin da aka zuba a cikinsa. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 dala ɗaya. A 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, wato riyal 1,000 ya kama naira dubu hamsin da biyu da 'yan kai. A ce direban Riyad ya canza wannan kuɗin ya zuba a asusunsa na gida, bai taɓa ba. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, daga wajen 460 ta zarce 700 cikin kwanaki, farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin direban suna nan cif, ko kwabo ba a ɗauka ba, amma idan ya ce zai mayar da su riyal, abin da zai samu bai fi 130 ba. Rumbu ne da gara ta shiga: daga waje jinka lafiya lau, sai ranar da aka buɗe. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wanda yake tara kuɗin kujerar Makka don mahaifiyarsa ya ga kujerar ta tashi daga kusan naira miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025. Ruwan da banki yake ɗorawa a kan ajiya bai kama ƙafar wannan ba, kuma da yawa daga mutanenmu ba sa ma karɓarsa saboda riba. Bankunan da ba sa harka da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun kwantar da hankali ta fuskar addini, amma nairar da ke cikinsu ita ce dai nairar.

Mai wayo sai ya ce to a ajiye a gida, a cikin akwati. Wannan shi ne wanda canjin kuɗi yake kamawa. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu a canza. Duk wanda yake Damagaram ko Maraɗi ko Jidda da naira a jaka, a nan ta mutu a hannunsa. Shekara talatin da takwas bayan haka, ranar 26 ga Oktoba 2022, Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya ce za a sauya takardun 200 da 500 da 1,000, wa'adi 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara kwana goma. Ƙananan hukumomi da dama a Jigawa ba su da reshen banki ko ɗaya. Tsofaffin da 'ya'yansu suka bar wa ajiya a ƙarƙashin gado suka riƙa hawa mota zuwa Gumel da Dutse da Kano, wasu suka sayi dabbobi da hatsi a kowane farashi don kawai su rabu da takardun. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗin suna nan da ransu. Wanda ya riga ya sayar da nasa da asara ba wanda ya mayar masa.

Bankin ma yana faɗuwa. Ranar 3 ga Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. Masu ajiya sun ci sa'a ɗaya: wata guda kafin nan hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take biyan kowane mutum daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Ta bi lambar BVN ta gano asusun da mutum yake da shi a wani bankin, ta zuba masa. Wanda ba shi da asusu na biyu sai ya bi ta cika takardu, wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5 kuma ragowar sai an sayar da kadarorin bankin a biya shi kaɗan-kaɗan. Miliyan 5 tana da girma a baki, amma a canjin lokacin ba ta wuce riyal dubu goma sha biyu da wani abu ba, abin da tela mai ƙwazo zai iya tarawa. A Amurka inshorar tana kai dala 250,000. Darasin da ɗan ƙetare zai ɗauka a nan mai sauƙi ne, kuma ba ya cin ko sisi: asusu biyu a bankuna biyu, kada ɗaya ya haura abin da hukuma take lamuni.

Akwai wata ƙofar da ba a cika lura da ita ba, wato layin waya. Asusun banki na yau a rataye yake da lambar da aka buɗe shi da ita. Mutum ya tafi Libiya, ya cire layinsa na gida ya jefa a jaka. Bayan watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana da ikon karɓe lambar ya sayar wa wani. Daga ranar saƙon banki wayar baƙo yake shiga, yana ganin abin da ya shigo da abin da ya rage, idan kuma mugu ne ya san inda zai kai lambar. Wasu don gudun haka sukan bar layin da katin cirar kuɗi a hannun ƙane, har da lambar sirri. An dawo gidan jiya ke nan: bankin ya zama akuya, mai POS na bakin kasuwa ya zama Gujungu.

Duk wannan lissafin na mai takarda ne. Bankin Duniya yana ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje suna turo wajen dala biliyan 20 a shekara, kuma gwamnati tana zawarcin kuɗin nan: a 2021 har tukwicin naira 5 aka riƙa bayarwa a kan kowace dala, a Mayun 2025 kuma aka buɗe hanyar yin BVN daga ƙetare ta intanet. Amma babban kaso na mutanenmu da ke Saudiyya ba sa cikin wannan lissafin. Wanda ya shiga da bizar Umara ya zarce, ko wanda ya gudu daga hannun kafilinsa, ba shi da iƙama, wanda ba shi da iƙama kuwa ba ya buɗe asusu, ba ya tura kuɗi ta banki. Hanyarsa ita ce ɗan canji: ya ba da riyal a Shara Mansur a Makka, a buga waya Wapa a Fagge, kafin la'asar naira ta shiga asusun wani a gida. Tsarin yana da sauri, ya fi banki arha, kuma yawanci ba a cin amana, don sunan ɗan canji shi ne jarinsa. Ranar da aka ci kuwa ba kotun da za a je, tunda mai ƙarar shi kansa ɓuya yake yi. Mata sun fi karkata ga zinare, sarƙa da warwaro da ɗan kunne, abin da za a iya sawa a jiki a hau jirgi da shi.

Dalilin son abin da za a sa a jiki shi ne yadda zaman yake ƙarewa. Ba a ba da sanarwa. Mota ce za ta tsaya a bakin titi, a nemi iƙama, a wuce da mutum tarhil, gidan tsare masu jiran kora, a Shumaisi da kayan jikinsa, bayan makonni a sauke shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Keken ɗinkinsa da firjinsa da kuɗin da ke cikin katifa sai yadda maƙwabta suka yi da su. Saudiyya ta yi afuwa a 2013 da 2017 don marasa takarda su fita salin-alin, bayan kowace afuwa kuma kame ya biyo. Masu iƙama ma ba su tsira ba: daga Yulin 2017 aka ɗora harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙo, ya riƙa hawa har 400 a 2020, magidanta da yawa suka kwaso iyali suka mayar gida. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda baƙi 'yan Afirka suka yi shekaru aru-aru. Mai takardar ɗan ƙasa ne yake da bakin neman diyya.

Ba Saudiyya kaɗai ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango da suka yi rabin rayuwarsu a Kumasi da Ankara suka sayar da gidaje da shaguna a farashin wulaƙanci. Mu ma mun rama a 1983, muka kori nasu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF, ana cikin azumi. Akwai dubban ɗaliban Najeriya a birnin, ciki har da 'yan Jigawa da gwamnatin jiha ta tura karatun likitanci. Bankuna suka rufe, aka wawashe da dama. Ɗalibai suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin jirgin farko ya sauke su a Abuja a farkon Mayu, wasu kuma aka kwaso su ta Port Sudan. Wanda yake da dala ɗari biyu a cikin safa ya fi mai miliyoyin fam na Sudan a banki kwanciyar hankali a wannan makon. A Disambar 2024 gwamnatin sojan Sudan ita ma ta yi nata canjin kuɗin, takardun 500 da 1,000, a yankunan da take riƙe da su.

Saura wanda bai dawo ba. Mutum yakan rasu a Makka, a yi masa salla a Harami, a binne shi a Shara'i, a gida a ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Bayan sadakar bakwai sai a zauna rabon gado, a nan ake gane cewa mamacin ya riƙe sirrinsa da kyau fiye da kima. Awakin da ke hannun ƙane kowa ya san da su, ko da an yi gardama a kan yawansu. Gonar ma dagaci ya sani. Amma asusun da ya buɗe a Kano shekarar da ya zo hutu, wanda ya ɓoye wa kowa don kada a dame shi da roƙo, ba mai labarinsa. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a Yulin 2024, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa ya yi barci, idan ya kai shekara goma a haka sai a kwashe kuɗin zuwa wani asusu na musamman a Babban Bankin. Ba a cinye su ba. Magada suna da ikon nema ko bayan shekara nawa ne, idan suka kawo shaidar rasuwa da takardar kotu da ta tabbatar su ne magadan. Shaidar rasuwar sai an samo ta daga Saudiyya, ta hannun ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, abin da yake da wuya idan mamacin ba da sunansa na gaskiya yake zaune ba. Kafin duk wannan kuma, sai wani a cikin gidan ya san sunan bankin.